Ba Duk Ɗaya Ba Ne, Uwargida

Ya ke 'yar'uwa, yau da ke nake, kuma ki yi haƙuri don ba zan yi miki kwana-kwana ba. Akwai wata magana da ta zauna daram a bakinmu mu mata, wai "ai duk ɗaya ne". Da zarar kalmomin Turanci biyu sun yi kama, shi ke nan mun haɗe su. Alhali kuwa Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane.

Abin da ke ba ni haushi shi ne, a gidan biki babu wadda ta kai mu zuba Turanci. Wannan ta ce "darling", waccan ta ce "excuse me", ana yauƙi ana karya harshe. Amma miƙo wa ɗayarmu kwalbar maganin ɗanta, ki ce ta bambance teaspoon da tablespoon, sai ki ga ido ya raina fata. Haba mata!

To ki saurara. Teaspoon shi ne ƙaramin cokalin shayi, yana cin mililita 5. Tablespoon kuwa babban cokali ne, mililita 15, wato ninki uku ke nan. A taƙaice ana rubuta na farko tsp, na biyu tbsp. Harafi ɗaya tal ya raba su. Idan an ce ki ba yaro farasitamol ƙaramin cokali, kika ɗura masa babba sau uku a rana, hantarsa kike wa illa da hannunki. Haka ruwan gishiri da sukari na mai gudawa: a lita 1 ta ruwa mai tsabta ana sa sukari ƙaramin cokali 6 da gishiri rabin ƙaramin cokali. In kika auna gishirin da babba, magani ya koma cuta. Shi ya sa ma ya fi kyau ki riƙa auna magani da ɗan kofin da ake sako shi a cikin kwali.

Juya kwalbar kuma. Za ki ga kwanan wata biyu. Mfg ranar da aka yi maganin ne, Exp ranar da wa'adinsa ke ƙarewa. Wadda ba ta san wannan ba za ta iya zubar da mai kyau, ta ajiye wanda ya lalace.

Mu leƙa kicin. Baking soda da baking powder duk fari ne, duk gari ne, amma aikinsu daban. Soda 'yar'uwar kanwa ce, ba ta tashi sai ta haɗu da abu mai tsami kamar nono ko lemon tsami, kuma ta fi ƙarfi nesa. Shi kuwa powder da tsaminsa ya zo a ciki. Ki sa soda a madadin powder, kek ya fito yana ɗaci kamar sabulu, a yi asarar ƙwai da fulawa, ki koma kina zargin mai kanti.

Ga wata kuma mai yaudara. In kin ga inflammable a jikin gwangwanin maganin sauro ko na turare, kada ki ɗauka "in" ɗin nan yana nufin ba ya kama wuta. Flammable da inflammable ma'anarsu guda ce, wato abu mai saurin kamawa. Wanda ba ya kamawa shi ake rubuta wa non-flammable. Kin ga inda muke zaton bambanci babu shi, inda muke cewa duk ɗaya ne nan yake.

Sai batun sa hannu. Ƙawa ko ɗan'uwa zai kawo miki takardar rance ya ce, "Sa mini hannu nan kawai." Tsaya ki duba tukuna. Witness shaida ce, kin gani an yi, iyakarta ke nan. Guarantor kuwa ke kika tsaya masa, in ya kasa biya ke za a bi. Hannu ɗaya kika sa, amma zai iya cinye keken ɗinkinki da kuɗin adashinki.

Na san wata za ta ce, "Ni ban yi boko mai zurfi ba," ko "Ai maigida ne ke karantawa." To ran da zazzaɓi ya tashi cikin dare maigida yana tafiya fa? Kuma wa ya ce sai kin je jami'a? Kalmomin nan ba su kai ashirin ba. Kan da ya haddace sunayen atamfofi da leshi kala-kala ba zai gaza riƙe su ba.

Ni dai shawarata, ki ajiye ɗan ƙamus kusa da ke. In babu, ki tambayi mai kemis ko malamar asibiti, ki ce ta nuna miki da cokali a hannu. Matambayi ba ya ɓata, kuma kunyar tambaya ba ta kai ta jinya ba. Ki koya wa 'yarki tun kafin a kai ta ɗaki.

Allah Ya sa mu gane, Ya tsare mana zuri'a, amin.