Yunwa Ba Magani Ba Ce

Jama'a, akwai wani zalunci da ake yi wa 'yan'uwanmu mata da rana tsaka, wanda mu da muke taƙama da boko muka zuba wa ido kamar bai shafe mu ba. Mu ɗauki misalin yarinyar da aka aurar a Achika, cikin ƙasar Wudil. Shekara uku babu ko ɓatan wata. Al'adarta takan ɗauke wata biyu ko uku, ga ƙuraje a fuska, ga gashi yana tsirowa a haɓa, ga jiki yana ta buɗewa alhali ba ta fi kowa ci ba. Uwar miji ta ce juya ce. Maƙwabta suka ce kitse ne ya toshe mahaifa. Shi kuwa maigida ya fara zancen ƙaro aure. Daga nan sai kowa ya zama likita, kuma duk maganinsu guda ne: ta daina cin abinci.

Wannan ciwo ba baƙo ba ne a wurin masana. Tun 1935 wasu likitoci biyu a Shikago ta Amurka, Irving Stein da Michael Leventhal, suka bayyana alamominsa, daga baya aka riƙa kiransa PCOS. A taron Rotadam na 2003 aka amince cewa sai an sami biyu daga cikin alamomi uku kafin a tabbatar da shi: rikicewar fitar ƙwai, da yawan sinadarin maza a jikin mace, da tarin ƙananan ƙulli a ma'ajiyar ƙwai idan an yi hoton ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wajen mace ɗaya cikin goma masu shekarun haihuwa tana fama da shi, kuma har kashi 70 cikin 100 ba su san sunan abin da ke damunsu ba.

To, ina ruwan abinci da wannan? Insulin shi ne sinadarin da yake buɗe wa sukari ƙofa ya bar jini ya shiga tsoka. A jikin yawancin masu wannan ciwo ƙofar takan yi tauri, sai jiki ya riƙa ƙara yawan insulin don ya tura ta da ƙarfi. Wannan rarar ita ce take zuga ma'ajiyar ƙwai ta yawaita sinadarin maza, ƙwai ya kasa nuna, al'ada ta rikice, kitse kuma ya taru a ciki. Ashe ke nan ciwon yana kawo ƙiba, ƙiba kuma tana ƙara ciwon. Akwai ma sirara da yawa masu ɗauke da shi. Su kuma me za a ce su rage?

Ba mu musun cewa rage nauyi yana da amfani ga wadda ta yi ƙiba. Ƙa'idojin duniya da Jami'ar Monash ta Ostareliya ta jagoranci fitarwa a 2018 sun nuna cewa rage kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyi yana iya gyara al'amura, ta hanyar zaftare kalori 500 zuwa 750 a rana. Watau mai kilo 80 ta sauke kilo 4 zuwa 8 a hankali cikin watanni. Da aka sabunta ƙa'idojin a 2023, an sake jaddada cewa babu wani tsarin cin abinci da ya fi sauran, an kuma gargaɗi likitoci da su guji tozarta mace saboda jikinta. Ina wannan, ina wunin yarinya da ruwan zafi da lemon tsami?

Abin da yunwa take yi wa ɗan'adam sananne ne. A Jami'ar Minesota, tsakanin 1944 da 1945, Ancel Keys ya rage wa samari 36 rabin abincinsu na wata shida. Sun zubar da kusan rubu'in nauyinsu, amma jikinsu ya rage ƙona abinci, rai ya ɓaci, tunaninsu duk ya koma kan kwano, kuma da aka sake su wasu suka yi ta ci ba ƙaƙƙautawa. Yunwa mai tsanani ita kanta tana ɗauke wa mace al'ada. An gudu gara ke nan an faɗa gidan zago.

Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Jahilcinmu da tsoron kishiya su ne tsagar, 'yan kasuwa kuwa su ne ƙadangarun. Jiya su ne suke tallar maganin ƙiba ga amare, yau su ne suke tallar shayin rage tumbi, wanda galibinsa gudawa kawai yake sawa. Ruwan jiki ya zube, ma'auni ya sauka, kuɗi ya tafi, ciwo yana nan daram.

Abin takaici, maganin rabin matsalar yana cikin rumbunanmu. Gero da dawa da ba a surfe su sun yi fari fat ba, wake, gyaɗa, zogale, rama, kuɓewa, nono marar sukari da kifin kogin Wudil, duk suna sakin sukari a hankali kuma suna riƙe ciki. Mu ne muka watsar da su da sunan wayewa, muka rungumi farin burodi da taliya da lemon kwalba. A gyara kwano, a rage malmala, a ƙara ganye, a yi tafiyar ƙafa ta minti 150 a mako. Sauran rabin yana asibiti: gwajin sukari, da magunguna irin su metformin domin insulin da letrozole domin fitar ƙwai, bisa umarnin likita. Da yawan masu wannan ciwo suna haihuwa idan an kula da su.

Saboda haka, ya ku ɗaliban jami'ar Wudil da na Bayero, da ku matasan ma'aikata, ilimin da bai tsallaka kogi ya isa Achika ba ado ne kawai. Idan kun je hutu, ku faɗa wa iyaye mata cewa wannan ciwo ne mai suna, ba zari ba ne, ba kuma baki ba ne. Ku matsa wa hukuma ta kai awon sukari da masana abinci ƙananan asibitoci. Ku kuma maza, kafin ku fara lissafin lefen wata, ku biya kuɗin motar da za ta kai ta gida asibiti, a auna ku tare.