Ra'ayi: Mai aiko da kwamfuta Agiye ya haɗo da wurin ajiya na biyu

Duk wanda ya taɓa shiga shagon buga takardu a Agiye ko Gazawa ko Gidan Rumji ya san yadda aikin yake. Kwamfuta ɗaya ce a kan tebur, kusa da injin fotokofi, kuma daga safe zuwa magariba ba ta hutawa da karɓar filashi. Malamin makaranta ya zo da tambayoyin jarrabawa, sakataren ƙungiyar manoma ya zo da sunayen mambobi, ɗalibin Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maradi ya zo da kundin kammala karatunsa. Kowa ya soka, ya zare, ya koma gida ya soka a tasa.

Matasa da dama idan aka ce tsaron kwamfuta, ɗan kutse suke hangowa a wata ƙasa mai nisa. Alhali a waɗannan garuruwa ɓarnar ta fi zuwa a cikin aljihu.

Cutar da aka fi sani ita ce mai mayar da fayiloli gajerun hanyoyi. Mutum ya buɗe filashinsa ya ga sunayen takardunsa suna nan, kowanne da 'yar kibiya a jikinsa. Da ya danna, cutar ta kama kwamfutar, daga nan duk filashin da aka soka mata sai ya ɗauka. Abin takaicin shi ne, sau tari takardun ba su goge ba, ɓoye su kawai aka yi. Mai gyaran da ya san aikinsa yana iya fito da su cikin 'yan mintuna. Amma sai a yi gaggawar wanke filashin gaba ɗaya, a share aikin wata shida da hannun mai shi.

Akwai wadda ta fi wannan muni, wato mai kulle fayiloli ta nemi kuɗin fansa. A watan Mayun 2017 WannaCry ta kama kwamfutoci a ƙasashe sama da 150, ta tsayar da aiki a asibitocin Ingila, tana neman dalar Amurka 300 a kan kowace na'ura. Kamfanin Microsoft ya riga ya fitar da maganin ƙofar da ta bi tun watan Maris. Waɗanda ba su sabunta na'urarsu ba su ne suka sha wuya.

Nan ne batun ya shafi 'yan ci-rani. Kwamfutocin da ake aikowa gida daga Legas, Abijan, Aljeriya ko Turai galibi na hannu ne, kuma ba laifi ba ne, don sabuwa ta fi ƙarfin aljihun mutane da yawa. Sai dai Microsoft ya daina kula da Windows 7 tun Janairun 2020, wa'adin Windows 10 na yau da kullum kuma ya cika ranar 14 ga Oktoban 2025, tsofaffin na'urori da yawa ba sa ɗaukar Windows 11. Ga shi da kwamfutar ta iso sai a kai ta a cika ta da manhajojin sata, har da rigakafin da aka fasa. Wannan kam an ba kura ajiyar nama. Microsoft Defender da ke zuwa kyauta cikin Windows na zamani ya fi irin wannan rigakafi aminci, in dai ana sabunta shi.

Ko da babu cuta, akwai wuta. Layin lantarkin da ke ciyar da Maradi da Damagaram daga Katsina yake shigowa ta Gazawa, kuma mutanen yankin ba su manta da watan Agustan 2023 ba, lokacin da Najeriya ta katse wutar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli. Kwamfutar tebur, ko ta cinya wadda batirinta ya mutu, idan wuta ta ɗauke tana tsaka da ajiye aiki, fayil ɗin na iya lalacewa. Ga zafin bazara da ƙurar hunturu da ke toshe fanka. Ga ambaliya irin ta damunar 2024, wadda jihar Maradi ke cikin waɗanda suka fi jin jiki.

Babu rigakafin da ke maganin ruwa ko ɓarawo. Abin da ke ceton aiki shi ne kwafi na biyu da na uku: ɗaya a faifan ajiya na waje, ɗaya a intanet. Google Drive na ba da gigabait 15 kyauta ga mai adireshin Gmail, kuma kundin karatu mai shafi ɗari, in ba shi da hotuna da yawa, bai kai nauyin ɗan gajeren bidiyon TikTok ba. Hujjar tsadar data ba ta tsaya a nan ba. Faifan waje kuwa a riƙa cire shi bayan an kwafa, domin cutar fansa tana kulle duk abin da ta tarar a jone, kuma kada ya kwana a jaka ɗaya da kwamfutar.

Masu shaguna ma da nasu alhakin, tunda takardun haihuwa da hotunan katin ɗan ƙasa na jama'a suna kwance a na'urorinsu. Nijar na da dokar kare bayanan mutane tun 2017, da hukumar HAPDP mai sa ido a kai. Goge takardar mai ita bayan an buga masa ba ya cin ko dala.

Ɗalibin da zai je buga aiki kuma yana da hanyar da ba ta buƙatar filashi: ya mayar da takardar PDF, ya tura wa mai shago ta WhatsApp. Idan dole sai da filashi, ya ware guda ɗaya na shago kaɗai, wanda babu komai a cikinsa sai kwafin abin da za a buga ranar.