ARON LITTAFI AMANA NE, KUMA HANNU ƊAYA BA YA ƊAUKAR JINKA

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da Alayensa da Sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa, abin farin ciki ne yadda 'yan kasuwa da ma'aikata ke haɗa littattafansu wuri guda, kowa ya ara ya karanta, domin tsadar littafi ta fi ƙarfin mutum ɗaya. Sai dai abin da ke kashe irin wannan haɗin kai shi ne a jibga wa mutum guda dukan aiki. Shi ne mai ajiya, shi ne mai rubutawa, shi ne mai bin gida-gida neman abin da aka riƙe. Ranar da ya gaji, ko aka yi masa canjin wurin aiki, sai littattafai su watse.

Shaihu Ahmad Baba na Tumbutu, wanda ya rasu a 1627, ya ba da labarin malaminsa Muhammadu Bagayogo, cewa yakan ba da aron littattafansa masu wuyar samu har ga ɗalibin da bai sani ba, kuma ba ya neman a mayar. Ta haka ya rasa da yawa daga cikinsu. Wannan karimci ne, amma a cikin dukiyarsa ya yi shi. Wanda aka damƙa wa littattafan jama'a ba shi da wannan dama.

A mazhabarmu ta Malikiyya, Ibnu Abi Zaid, mai Risala, wanda ya rasu a 386 bayan Hijira, ya bayyana cewa mai aro yana lamunin abin da ake iya ɓoyewa. Littafi kuwa yana cikinsu. Idan ya ɓata, sai ya biya, sai fa in ya kawo shaidu cewa ba da sakacinsa ba ne. Haka kuma Alƙali Ibnu Jama'a, wanda ya rasu a 733, ya hana mai aro ya daɗe da littafi ba da larura ba, ko ya yi rubutu a gefensa, ko ya ara wa wani, ko ya kwafe shi ba da iznin mai shi ba. Masu ɗaukar hoton littafi da waya suna rabawa, su lura da wannan.

To, shawararmu ita ce a raba aikin gida huɗu. Ɗaya ya riƙe rajistar shiga da fita. Na biyu ya riƙa tunatar da wanda wa'adinsa ya cika. Na uku ya zama ma'aji, ya tara ɗan abin da za a ɗinka wanda ya yage a yi masa bango. Na huɗu, mai ilmi, ya duba abin da ake kawowa kafin a karɓa. Kowace shekara a sauya hannu.

Kai ɗan kasuwa, ba ka ba da kaya bashi sai ka rubuta. Kai ma'aikaci, fayil ba ya barin ofis sai da sa hannu. Shin littafin ilmi bai kai su daraja ba? Duk wanda ke riƙe da littafin jama'a, ya mayar kafin Juma'a mai zuwa.

Allah Shi ne Masani. Wassalamu alaikum.