Wasiƙa Zuwa ga Masu Gyaran Firinta da Masu Shagunan Buga Takardu na Dutse

Ƙannena da 'ya'yana,

Bari in fara da haƙƙinku. Lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa a watan Agustan 1991, mai neman bugu mai tsabta sau da yawa sai ya hau motar Kano. Yau ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse, wadda aka kafa a 2011, yana buga silif ɗinsa kafin shayinsa ya huce, mutumin Kiyawa ko Jahun ko Birnin Kudu kuma yana gama takardunsa ya koma gida kafin azahar. Ku kuka tsaya a kan wannan, ga tsadar mai, ga wutar KEDCO da ba ta da alƙawari. Allah ya saka da alheri.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne yadda wasunku suka mai da sauya katirij ɗin tona wata sana'a a cikin sana'a. A kira injiniya ofis don firinta ta nuna tona ta yi ƙasa. Bai buga ko shafin gwaji ɗaya ba, sai ka ji: "Ranka ya daɗe, ta ƙare, sai dai sabo." A rubuta takardar neman kuɗi, a sa hannu, tsohon katirij kuma ya faɗa jakar injiniya. A wani ofis na taɓa tare irin wannan a bakin ƙofa. Da na ɗaga shi, hannuna ya gaya mini da saura. Muka mayar, ya ci gaba da bugu baƙi wuluk har makonni. Da ya fita, da an ƙara masa gari kaɗan, a goge, a naɗe a baƙar leda, a sa a kwali, ya dawo ofis ɗin nan da kuɗin sabo. Wannan ba wayo ba ne, cin amana ne, ko da kuɗin na gwamnati ne.

Kun fi ni sanin cewa gargaɗin nan ba awo ba ne. A ƙananan injunan da suka cika garin nan, ɗan cif ɗin da ke jikin katirij ba ya leƙa cikin rumbun tona; ƙiyasi ake yi daga yawan abin da aka buga. Katirij 85A na HP P1102 an ƙiyasta masa shafi 1,600, 05A na P2035 kuma 2,300, duka bisa cewa rubutu ya rufe kamar kashi 5 cikin ɗari na takarda. Ƙiyasi kuwa yakan yi kuskure, kuma kamfanin da ya ƙera injin ya fi son ya yi gargaɗi da wuri. Injuna da yawa suna da wurin da za ka zaɓa: in tona ta yi ƙasa a tsaya, a tambaya, ko a ci gaba. Wasu manyan injunan fotokwafi ma kulle murfin tona suke yi har sai ta ƙare da gaske. Ku nawa ne suka taɓa nuna wa mai ofis wannan?

Kada a ce mini "ai injin ne ya faɗa." Mai ƙera injin ɗan kasuwa ne, ribarsa a tona take. A 2016 kamfanin HP ya aika wa wasu firintocinsa na tawada sabuntawar da ta sa suka ƙi karɓar katirij ɗin da ba nasa ba, har sai da jama'a suka yi caa a kansa. A 2017 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke wa kamfanin Lexmark hukunci cewa da zarar ya sayar da katirij, ba zai yi amfani da haƙƙin ƙirƙirarsa ya hana a sake cika shi a sayar ba. Saboda haka ɗurin tona ba abin kunya ba ne. Ku ɗura, ku ce ɗuri ne, ku karɓi kuɗin ɗuri.

Ku kuma masu shaguna, kada ku yi murmushi, naku laifin kishiyar wannan ne. Ku ba kwa cirewa sam. A zaro katirij a girgiza, a bubbuga, a mayar, har rubutu ya koma kamar sawun kaza a kan toka. Yarinya ta kawo furojet ɗin da ta yi wata da watanni tana rubutawa, a miƙa mata shafi da farin layi daga sama har ƙasa, a ce "zai wuce haka." Girgiza ɗaya halas ce, ta uku zalunci ce. Kuma ba kowane dishi-dishi ne ƙarewar tona ba. Ɗigon da ke maimaita kansa a tazara ɗaya, duram ne ya ji ciwo. Baƙin layi a tsaye, sau da yawa reza mai share duram ce ta cinye, ko rumbun dattin tona ya cika ba a zubar ba. Rubutun da ke gogewa a yatsa, hita ce ba ta gasa shi ba, wataƙila janareta ne ya gaza. Ga ƙurar hunturu da ke shiga ko'ina, amma injin a buɗe yake kwana.

Mu da muka koyi aiki a zamanin tafireta da sitansil, maigidanmu ba ya barin takarda ta fita sai ya kai ta bakin taga ya duba da idonsa. Shi kuma da ma'aikatan Kamfanin Gaskiya na Zariya yake mana misali, inda a da ake buga Gaskiya Ta Fi Kwabo, jaridar da ta fara fitowa a 1939 Abubakar Imam yana editanta. Da hannu suke jera harufan dalma, amma a kullum takarda ce alƙali a wurinsu. Mu tsoron idon maigida muke yi; yanzu har yaro ya buɗe shagon kansa ba wanda ya taɓa mayar masa da aiki. Abin yana mini ciwo, ba zan ɓoye ba.

Ku gafarce ni in harshe ya yi kaifi. Roƙona kaɗan ne. Kada a cire katirij sai an buga gwaji a gaban mai injin. A ajiye littafi kusa da kowace firinta, a rubuta ranar da aka sa katirij da lambar shafukan da injin ya nuna, domin galibin firintoci suna iya buga wannan rahoton. Tsohon katirij ya koma hannun mai sito kafin sabo ya fita. Mai shago kuma, in bugu ya dushe, ya tsaya ya gyara ko ya tura mutum shagon maƙwabci. Cinikin da ya kuɓuce yau, amana za ta dawo da shi gobe.

Allah ya sa albarka a sana'arku, ya tsare ku daga haram. Ƙofata a buɗe take ga mai son mu yi gardama.

Naku,
Wani tsohon ma'aikacin ɗab'i, Dutse.