Takardar haihuwa da ta rasuwa: inda tarihin gida yake kwana



Ga wata tambaya, ki amsa a zuciyarki: mene ne sunan yanka na kakarki ta wajen uwa? Da yawa daga cikinmu za su ce Goggo, ko Inna, ko Hajiya Babba. Wasu za su tuna Ladi ko Jummai, amma wannan sunan rana ne. Alkunya ta sa ba ma kiran manya da sunayensu, kuma tarbiyya ce mai kyau. Sai dai in an yi sake, suna kan bi mai shi kabari. Zuriyar uba akan jero ta har kaka na huɗu, ta uwa kuwa a lakabi take tsayawa.

Ba mu kaɗai ba ne. A Ingila da Wales an fara rajistar haihuwa da aure da rasuwa ranar 1 ga Yulin 1837, amma takardar aurensu sunan uban ango da na uban amarya kawai take ɗauka. Sai a watan Mayun 2021 aka fara sa sunayen iyaye mata. Duk da haka, mai neman tarihin danginsa a can yakan duba jerin sunaye ta intanet, ya biya kuɗi, ofishin rajista na ƙasa ya aiko masa da kwafin takardar haihuwar kakan kakansa. A ciki zai ga rana, da gari, da sana'ar uba, da sunan gidan su uwa kafin ta yi aure. Takarda ɗaya takan buɗe ƙofar ta gaba.

A Najeriya an kafa dokar irin wannan rajista a Legas tun 1863, amma ba ta game ƙasa ba. Dokar da ta wajabta ta a ko'ina ita ce mai lamba 69 ta 1992, wadda ta ɗora aikin a kan Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, wato NPC. Har zuwa binciken da aka yi a 2021, kashi 57 cikin 100 ne kawai na yara 'yan ƙasa da shekara biyar ke da rajista. Rajistar rasuwa kuwa ta fi haka ƙaranci nesa ba kusa ba, domin mukan yi jana'iza a ranar, a yi zaman makoki, a watse ba a rubuta komai ba.

Me ya haɗa ma'aikaciyar jinya da wannan magana? Ɗakin awo. Duk mai cikin da ta zo, muna tambayarta: akwai hawan jini a danginku? Ciwon suga fa? Tagwaye? Mahaifiyarki ko yayarki ta taɓa yin jijjiga wajen haihuwa? Akwai wadda ta yi sankarar mama? Amsar da muka fi ji ita ce, “Wallahi ban sani ba, an dai ce ciwon ajali ne.” Ajali gaskiya ne, amma sanin sababi yana taimakon masu rai. Macen da mahaifiyarta ta yi hawan jinin ciki, mun fi sa mata ido. Gidan da yara biyu ko uku suka rasu suna ƙanana da kumburin hannu da ƙafa da ciwon ƙashi, sikila muke fara tunani, mu ce a gwada jini kafin a sa ranar aure. Idan miji da mata duka AS ne, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS. Tarihin gida ke fara nuna mana inda za mu duba.

To ta ina za a fara?

Ki fara da adakar gida. Katin awo, katin rigakafi, sakamakon firamare, tsohon fasfo na aikin Hajji, takardar fansho, rasidin haraji, har bayan bangon littafin da Malam yake rubuta ranar da aka haifi kowane ɗa da ajami. Ki ɗauki hoton kowanne da wayarki, gaba da baya, ki tura wa wata 'yar'uwa don kada ajiyar ta zama wuri ɗaya.

Sai ki zauna da tsofaffi tun suna nan. Kada ki ce, “Goggo, a wace shekara aka haife ki?” Ki ce, “Goggo, da aka kashe Sardauna kina ina, an yi miki aure?” Wannan Janairun 1966 ke nan. Zuwan Sarauniyar Ingila Arewa 1956 ne. Naɗin Sarki Ado Bayero 1963. Komawar tuƙi hannun dama 1972. Canjin kuɗi daga fam zuwa naira Janairun 1973. Rikicin Maitatsine a Kano Disambar 1980. Da irin waɗannan za ki kusanci shekarar gaskiya. In ta ji nauyin faɗin sunan mijinta ko na ɗanta na fari, ki tambayi ƙanwarta ko aminiyarta.

Daga nan sai ofis. Ki lura da wani abu da ke rikita iyaye da yawa: takardar da muke bayarwa a asibiti bayan haihuwa shaida ce kawai cewa an haihu a wurinmu. Takardar haihuwa ta hukuma ita ce ta NPC. Ma'aikatanta suna zama a sakatariyar ƙaramar hukuma da kuma asibitoci da dama. Doka ta ce a yi rajista cikin kwana 60 da haihuwa, kuma a wannan lokaci kyauta ce. Ko a gida kika haihu, ɗanki yana da haƙƙin samunta.

Wanda ya girma ba a yi masa rajista ba, yakan je kotu ya yi rantsuwar shekaru, ya kai wa hukumar, ta ba shi takardar tabbatar da haihuwa, kuma wannan akwai kuɗinta. Tana aiki a makaranta da banki da wajen neman fasfo. Amma mai binciken tarihi ya yi hattara da ita, don abin da aka rantse a kai take ɗauke da shi. Shi ya sa za ki ga rabin tsofaffin unguwa duk ranar 1 ga Janairu aka haife su. Takardar da aka rubuta kusa da lokacin da abin ya faru ta fi ƙarfi a kan wadda aka yi bayan shekara arba'in.

Idan takardar ɓata ta yi, ki koma inda aka yi rajistar da cikakken suna, da sunayen iyaye, da shekara, da lambar takardar in kina da hotonta. Ki shiga ciki ki ga ma'aikaci, ki karɓi rasidi. Masu tarar mutane a bakin ƙofa da “kawo in yi miki yanzu-yanzu” sukan ba da takardar da babu ita a kowane littafi.

Ta rasuwa kuma, in a asibiti aka cika, ki sa maza su karɓo takardar likita mai nuna dalilin rasuwa, su kai wa hukumar a yi rajista. Ranar da za a nemi kuɗin mamaci a banki ko haƙƙinsa na wurin aiki, ita za a fara tambaya, kuma marayu da matar da aka bari su ke shan wahalar rashinta.

Masu dangi a Nijar, rajistarsu tana ma'aikatar magajin garin da aka haifi mutum, wanda ya makara kuma sai ya bi ta kotu. Masu dangi a zangon Kumasi ko Accra, Ghana tana da ofishinta na rajistar haihuwa da rasuwa. Mai son komawa zamanin En'e kuma, akwai Gidan Adana Tarihi na Ƙasa da Arewa House a Kaduna. Da wuya ki ga sunan kakarki a can, amma za ki iya samun labarin garinsu, da hakimin lokacin, da shekarar da fari ko annoba ta tashi mutane.

Abu na ƙarshe, rubutun suna. Ki zaɓi ɗaya ki tsaya a kai. In Muhammad ne a takardar haihuwa, kada ya koma Mohammed a makaranta, ya zama Mamman a NIN. Harafi ɗaya ya isa ya tsayar da yaro a rajistar JAMB. Kafin ki bar teburin ma'aikaci, ki karanta takardar, ko ki sa a karanta miki, ki tabbata naki sunan ma an rubuta shi cikakke a gurbin uwa. Jikokinki a nan za su same shi.

Aikin wannan mako ƙarami ne: ki samo sunan yanka na kakanninki mata biyu, ki rubuta a littafi da garin da aka haife su. Wadda ta samu, ta faɗa mana a ƙasa yadda ta yi da kuma wanda ya tuna mata, ba sai ta rubuta sunan ba. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya raya mana zuriya.