Fasaha A Hannunmu: Kafin Dodon Mota Ya Yi Tsalle, Wani Ya Yi Lissafi

Da yawa daga cikinmu mun taɓa tuƙa mota a wasan kwamfuta, ko a waya ko a shagon gem na unguwa. Amma mu nawa ne muka taɓa tambayar kanmu wa ya shimfiɗa hanyar da muke gudu a kanta? Wa ya ce tudun nan ya tsaya a nan, kwanar can ta karkata haka? Mutum ne ya zauna ya auna ya zana, kuma a wasu wasannin 'yan wasan ne da kansu suke yin wannan aiki. Yau za mu duba yadda ake zana filin tsere na dodon mota, domin a nan ne aikin mai zane ya fi fitowa fili.

Abin da muke kira dodon mota wata a-kori-kura ce da aka ɗora kan manya-manyan tayoyi. Asalinta Amurka ne. Wani mutum mai suna Bob Chandler, a St. Louis da ke jihar Missouri, shi ya fara gyara motarsa ƙirar Ford F-250 a shekarun 1970, aka sa mata suna Bigfoot, kuma a 1981 ya hau kan tsofaffin motoci da ita ya murƙushe su. Daga nan abin ya zama wasan kallo. Motocin da ke gasar Monster Jam a yau, tsayin tayarsu inci 66 ne, wato kusan mita 1.7, tsayin babban mutum ke nan. Nauyin motar ya kai kilo 5,400, injinta na da ƙarfin doki wajen 1,500, faɗinta kusan mita 4, kuma tayoyin baya ma suna juyawa kamar na gaba.

A kwamfuta kuwa, kamfanin Microsoft ya fitar da Monster Truck Madness a 1996, na biyunsa ya biyo baya a 1998. Masu sha'awar wasan ba su tsaya kan filayen da kamfani ya ba su ba, sai suka riƙa ƙera nasu da wata manhaja mai suna Traxx suna raba wa juna kyauta. A 2005 wani Bafaranshe, Pierre-Michel Ricordel, ya fito da Rigs of Rods, wanda har yau kyauta ne. Sai BeamNG.drive na wani kamfani da ke Bremen a Jamus, shi ma yana da kayan gina fili a cikinsa. A waɗannan biyun na ƙarshe ana gina jikin mota ne da ɗigogi da sanduna masu lanƙwasawa, don haka idan ta faɗi da ƙarfi tana lotsewa kamar ta gaske. Mai zanen da ya yi ganganci, a jikin motar za a gani.

Yaya ake yin ƙasar filin? Da hoto ake farawa, hoton da babu komai cikinsa sai baƙi da fari da toka-toka. Muna iya kiransa taswirar tudu. Kwamfuta na karanta kowane ɗigo na hoton a matsayin tsayi: baƙi kwari ne, fari ƙololuwa, toka-toka kuma tsakani. Ka shafa fari a tsakiyar hoto, sai dutse ya tashi a filinka. Sai dai a kula da wani abu. Hoto na yau da kullum matakin haske 256 kawai yake da shi. Idan tsakanin kwari da ƙololuwar filinka mita 100 ne, kowane mataki zai zama kusan santimita 39, sai gangarenka ya fito kamar matakalar bene, mota ta yi ta tuntuɓe. Shi ya sa masu zane suke ajiye hoton a tsarin da ke ɗaukar matakai 65,536, inda kowane mataki bai kai milimita 2 ba. Tudun tsalle da shinge da tsofaffin motocin da za a taka kuwa, ana iya ƙera su a Blender, manhajar zane ta kyauta, sannan a shigo da su.

Yanzu ga zuciyar aikin, wato tudun tsalle. 'Yan ajin kimiyya, ku tuna darasin Fiziks na abin da aka jefa sama, wanda ke yawan fitowa a WAEC da NECO. Da zarar tayoyi sun bar ƙasa, inji ya daina tura mota gaba, ta zama kamar dutsen da aka harba da gwafa. Nisan da za ta yi shi ne gudunta sau gudunta, sau sin na ninkin kusurwar tudun, a raba da 9.8. Mu gwada. Mota ta zo da gudun mita 20 a daƙiƙa, wato kilomita 72 a awa, tudun kuma digiri 30 ne. Idan muka ajiye batun iska a gefe, za ta yi kusan daƙiƙa 2 a sama, ta tashi mita 5, ta sauka a nisan mita 35. Mayar da tudun digiri 45, nisan zai ƙaru kaɗan zuwa mita 41, amma tashin zai ninka zuwa mita 10. Ka ga an sami ƙarin mita 6 a nisa, an kuma jawo wa mota faɗuwa daga tsayin bene mai hawa uku.

Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne gudu. Idan direba ya ɗan yi jinkiri a kwana ya iso tudun da mita 15 a daƙiƙa, nisan tsallensa a digiri 30 zai faɗo daga mita 35 zuwa mita 20. Gudun ya ragu da kashi ɗaya cikin huɗu kawai, amma nisan ya kusa rabewa biyu. Mai zanen da ya haƙa rami tsakanin tudun tashi da na sauka ya gina fili ne don gwani kaɗai, sauran jama'a kuwa ramin zai yi ta cinye su har su gaji su kashe wasan. Mai hankali sai ya cike tsakiyar ta zama shimfiɗaɗɗiya kamar tebur, wanda ya gaza ya sauka a kai lafiya, wanda ya kai ya wuce. Sannan ya karkata wurin sauka daidai da yadda motar ke gangarowa, don tayoyi huɗun su taɓa ƙasa kusan tare.

Ƙa'idar ke nan da muke so mu riƙe: daga jikin mota da hannun direba ake auna fili, ba daga son ran mai zane ba. Tunda faɗin motar kusan mita 4 ne, hanyar da motoci biyu za su jera tana bukatar mita 12 ko fiye. Dodon mota dogo ne, nauyinsa na sama, don haka kwana mai kaifi bayan sauka kifewa ce kawai. A bar masa miƙaƙƙiyar hanya ya daidaita tukuna. Kada a ɓoye shinge a bayan tudu inda direba ba zai hango shi ba. Kada kuma a cika fili da bishiyoyi da tutoci, domin kowane abu da ke cikin wasa da ƙananan alwatika aka gina shi, yawansu kuma na sa ƙaramar kwamfuta ta riƙa sarƙewa. In ka gama, ba abokinka da bai taɓa ganin filin ba ya tuƙa, kai kuma ka yi shiru ka kalla. Duk inda ya kife sau uku a jere, wurin ne ke bukatar gyara.

Mun san ba kowa ke da kwamfuta ba, amma rabin aikin nan a takarda ake yin sa. Ga aikin gida: ɗauki takardar giraf, kowane gida ya zama mita 5, ka zana fili mai tsawon mita 150 da faɗin mita 80, da kwana uku da tudun tsalle ɗaya mai digiri 30. Ka lissafa inda motar za ta sauka idan ta zo da mita 18 a daƙiƙa, da kuma idan ta zo da mita 14, sannan ka tabbata wurin saukarka ya ɗauke su duka biyun. Irin wannan tunani ne injiniyoyin hanya suke yi kafin su yanka kwana, kuma a kwamfuta kuskurensa bai wuce danna maɓalli a sake ba. A kan titi da babur kuwa babu wannan maɓallin, don haka tsalle ya tsaya a allo.

Ku nuna wa malaminku na Fiziks lissafin, sannan ku aiko mana da zanen. Mu haɗu a mako mai zuwa.