Sharhi: Gidan haya ya koma na kamfani, sa hannun wa ke aiki?

Ɗan Nijar da ke neman kuɗi a Abijan ko Faransa ya gina gidan haya a Maraɗi, ƙanensa ke karɓar kuɗin wata. Sai a ba shi shawara: ka buɗe kamfanin SARL, ka mayar da gidan da sunansa, ka huta.

Shawarar tana da tushe. Dokar OHADA da Nijar ke aiki da ita ta yarda mutum ɗaya tak ya kafa SARL, kuma bashin kamfani ba ya bin sauran dukiyar mai shi. Ga ƴan'uwan da suka haɗa kuɗi suka yi gini, rabon kowa yana rubuce. Ranar gado ma hannun jari ake rabawa, ba sai an sayar da gida ba.

Sai dai shigar da gida kamfani sauya mai mallaka ne. Ana bi ta hannun notaire, a biya kuɗin rajista, kuma in darajar gidan ta haura miliyan 5 na sefa, dole ƙwararre ya ƙiyasta ta. Wanda bai riƙe komai ba sai takardar fili ta magajin gari, gara ya fara neman titre foncier. Daga nan ga lissafin shekara, ga lanho na kashi 30 cikin ɗari a kan riba. Mai ɗaki huɗu a Zinder ya buga lissafi tukuna.

Abin da ba a cika faɗa wa ƴan ci-rani ba shi ne maganar manaja. Muddin gida na da sunan mutum, ba mai sayar da shi ko jinginar da shi sai da sa hannunsa ko wakilcinsa. Da ya koma na kamfani, sa hannun manaja ke ɗaure kamfanin. Ko an rubuta masa iyaka a takardun kafawa, iyakar ba ta hawa kan baƙon da ya ƙulla ciniki da shi da zuciya ɗaya. Sai dai mai gida ya kai ƙanensa kotu, bayan aikin gama ya gama.

Shi ya sa mai gida da ke waje ya fi dacewa ya riƙe muƙamin manaja da kansa, ya bai wa na gida wakilcin karɓar haya da gyare-gyare kawai, kuɗi kuma su riƙa shiga asusun kamfani. In banki ya nemi ya tsaya wa bashin kamfani da kansa, ya sani kariyar da ya biya kuɗi dominta ta tashi a kan wannan bashin.